Kifin Ƙyanƙyasa Ba Ya Kamo Haifaffen Kogi Wajen Hayayyafa

Kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki, aka rene shi, sannan aka sake shi cikin kogi, ba ya barin zuriya kamar yadda ɗan'uwansa haifaffen kogi yake bari. Wannan shi ne sakamakon binciken da masana kimiyyar kifi suka shafe fiye da shekara 30 suna gudanarwa a kogunan Amurka da Norwe da Ailan, inda suka riƙa bin diddigin kifaye ɗaya bayan ɗaya, daga iyaye zuwa 'ya'ya har jikoki.

A shekarar 2014 wasu masana uku na Amurka, Mark Christie da Michael Ford da Michael Blouin, sun tattara sakamakon bincike 6 da aka yi a kan nau'i 4 na kifin salmon. Sun gano cewa a matsakaicin lissafi, 'ya'yan da kifin ƙyanƙyasa ke bari waɗanda suke rayuwa har su girma, rabin na haifaffen kogi ne kawai, duk kuwa da cewa akasarin iyayen kifin daga kogin aka kamo su. Giɓin ya fi faɗi a tsakanin maza fiye da mata.

Batun ya shafi aljihun gwamnatoci da na 'yan kasuwa kai tsaye. Ƙasashen Amurka da Kanada da Japan da Rasha da Koriya ta Kudu suna sakin 'ya'yan salmon kimanin miliyan dubu 5 a kowace shekara zuwa arewacin Tekun Fasifik. A nan Nijeriya kuma, inda kiwon tarwaɗa ya zama babbar sana'a, akan ji shawarar zuba 'ya'yan kifi a madatsun ruwa da tafkuna a duk lokacin da masunta suka koka da ƙarancin kamu. Don haka ya kamata masu zuba jari su san abin da irin wannan kuɗi yake saya da abin da ba ya iya saya.

Asalin lamarin

Salmon kifi ne na ƙasashe masu sanyi. A kogi ake haihuwarsa, ya gangara teku ya girma, bayan 'yan shekaru kuma ya hawo kogin da aka haife shi domin ya yi ƙwai. Macen takan haƙa ɗan rami da wutsiyarta a cikin tsakuwar gindin kogi, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, sannan ta binne.

An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, salmon miliyan 10 zuwa miliyan 16 ne ke hawowa Kogin Kolombiya da ke arewa maso yammacin Amurka a kowace shekara. Kamun da ya wuce kima domin masana'antun kifin gwangwani, da sare dazuzzuka, da gina manyan madatsun ruwa irin su Bonneville a 1938 da Grand Coulee a 1942, su suka durƙusar da wannan arziki. Madatsar Grand Coulee ma ba a yi mata wata hanyar da kifi zai bi ya haura ba, saboda haka ta raba shi da duk wuraren yin ƙwansa da ke sama da ita.

Maganin da hukumomi suka dogara da shi shi ne gidajen ƙyanƙyasa. Tun a 1872 aka kafa na farko a ɓangaren yammacin ƙasar, a bakin Kogin McCloud na Jihar Kalifoniya, kuma a 1938 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Mitchell, wadda a ƙarƙashinta aka riƙa ba da kuɗin gina irin waɗannan gidaje a yankin Kolombiya. Tunanin wancan lokacin shi ne kifi kifi ne, duk abin da madatsa ta rage, tanki zai cike.

Ba haka abin ya kasance ba. A 1991 aka sanya wani nau'in salmon na Kogin Snake cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma a 1992 namiji ɗaya tak ne daga cikinsu ya iso Tafkin Redfish na Jihar Idaho, inda a da dubbai ke zuwa. A halin yanzu kimanin kashi 80 cikin 100 na salmon da ke hawowa Kogin Kolombiya 'yan ƙyanƙyasa ne.

Ƙidayar Kogin Hood

Cikakkiyar amsa a kan wannan matsala ta fito ne daga Kogin Hood na Jihar Oregon, wanda yake zuba a cikin Kolombiya. A lokacin akwai wata ƙaramar madatsa mai suna Powerdale a kansa, wadda dole duk kifin da ke hawowa ya bi ta tarkon da aka kafa a jikinta. Daga 1991 ma'aikatan hukumar kifi ta jihar suka fara ɗaukar ɗan ɓawo ko ɗan yanki na fiffike daga kowane kifi na wani nau'in dangin salmon da ake kira steelhead, kafin su bar shi ya wuce. Gane ɗan ƙyanƙyasa ba shi da wuya, domin akan yanke masa wani ƙaramin fiffike da ke kusa da wutsiya kafin a sake shi. An ci gaba da wannan aiki har zuwa 2010 da aka rushe madatsar.

Da waɗannan samfura na kifaye fiye da 10,000, masana a Jami'ar Jihar Oregon a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Michael Blouin suka yi gwajin ƙwayoyin gado, suka tantance uwa da uban kifayen da suka dawo. Ta haka aka iya ƙidaya yawan 'ya'yan da kowane kifi ya bari.

Tsohon irin da aka daɗe ana juyawa a gidan ƙyanƙyasa, wanda asalinsa ma daga wani kogin aka kawo shi, bai kai rabin haifaffen kogi ba. Kifin da iyayensa biyu aka kamo su daga Kogin Hood ɗin, aka ƙyanƙyashe shi a tanki, ya kai kimanin kashi 85 cikin 100. Wannan ya sa aka fara ganin kamar an sami mafita.

Sai dai rahoton da Hitoshi Araki da abokan aikinsa suka buga a mujallar Science a 2007 ya nuna cewa lalacewar tana taruwa. Sun kwatanta rukuni biyu da aka rena a gida ɗaya, aka ba su abinci ɗaya, aka sake su lokaci ɗaya. Bambancinsu kawai shi ne rukuni na farko iyayensa biyu haifaffun kogi ne, na biyu kuwa ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙyanƙyasa ne. Rukuni na biyu ya bar kashi 55 cikin 100 ne kawai na abin da na farko ya bari. Tunda renon ɗaya ne, babu inda za a jingina bambancin sai gado. Da suka haɗa da sakamakon wasu wurare, sun ƙiyasta cewa kowane hawa na zuriya da aka yi a tanki yana rage ƙarfin hayayyafa a kogi da kusan kashi 40 cikin 100.

A 2009 sun ƙara gano cewa abin yana bin jikoki. Kifin da aka haifa a kogi, bai taɓa ganin tanki ba, amma iyayensa biyu 'yan ƙyanƙyasa ne, ya bar kashi 37 cikin 100 na abin da ɗan asalin kogi ya bari. Wanda ɗaya daga cikin iyayensa ne ɗan ƙyanƙyasa ya kai kashi 87.

Dalilan raguwar

Babban dalili shi ne tanki da kogi ba hali ɗaya suke so ba. A kogi, cikin ƙwai 100 ba a cika samun 10 da suke rayuwa har su isa tafiya teku ba. Ambaliya da yunwa da tsuntsaye da manyan kifaye sun tace su, sai masu kuzari da wayo suka rage. A gidan ƙyanƙyasa kuwa fiye da 80 ne suke rayuwa, kuma waɗanda suka fi cin moriya su ne masu jure cunkoso, masu rububin abincin da ake watsawa a saman ruwa, marasa tsoron inuwar da ta gifta. A kogi inuwar da ta gifta tsuntsu ne mai farauta.

Haka kuma akan hanzarta girman steelhead a tanki ya isa saki cikin shekara ɗaya, alhali a kogi yakan ɗauki shekara biyu ko fiye. Bugu da ƙari, a kogi maza sukan yi faɗa, mace kuma ta zaɓi wanda take so da wurin da za ta haƙa raminta. A gidan ƙyanƙyasa ma'aikaci ne ke matse ƙwai a roba, ya zuba maniyyin namijin da ya faɗo hannunsa.

Binciken da Mark Christie ya jagoranta a 2012 ya nuna cewa a cikin kifayen Kogin Hood, iyalan da suka fi samun nasara a tanki su ne 'ya'yansu suka fi gazawa a kogi. A 2016 kuma aka gano ƙwayoyin gado 723 da aikinsu ya bambanta tsakanin 'ya'yan haifaffun kogi da 'ya'yan waɗanda suka yi hawa ɗaya kacal a tanki. Da yawa daga cikinsu sun shafi warkewar rauni da garkuwar jiki da sarrafa abinci, wato abubuwan da zaman cunkoso yake bukata.

Kifin gona da ya kuɓuce

Lamarin ya fi muni idan kifin da aka daɗe ana zaɓen irinsa domin kasuwa ne ya shiga kogi. A Kogin Imsa na Norwe, gwajin da Ian Fleming da abokansa suka bayyana a 2000 ya nuna cewa salmon na gona ya bar kashi 16 cikin 100 na abin da na kogi ya bari, sannan yawan 'ya'yan da na kogin suka fitar ya ragu da fiye da kashi 30 cikin 100. Dalili kuwa shi ne 'ya'yan na gona sun fi saurin girma, sukan ture na asali daga wurin abinci. A Burrishoole ta ƙasar Ailan, rahoton 2003 ya nuna na gona ya tsaya a kashi 2 cikin 100, ruwa-biyun da aka samu tsakaninsa da na kogi kuma tsakanin kashi 27 zuwa 89.

Ke nan asarar biyu ce: kifin da aka saki bai haihu yadda ya kamata ba, kuma ya rage haihuwar wanda ya tarar.

Inda ƙyanƙyasa ta yi rana

Wannan ba ya nufin gidajen ƙyanƙyasa ba su da amfani. Jihar Alaska tana sakin 'ya'yan salmon kusan miliyan dubu 2 a shekara, kuma masunta da masana'antun kifi na jihar suna samun kuɗi masu yawa daga waɗanda suka dawo. A matsayin hajar da za a kama a sayar, kifin ƙyanƙyasa ya biya bukata. Amma ko a can, rahoton 2022 daga yankin Prince William ya nuna cewa matan da suka ɓace hanya suka shiga rafuka sun bar ƙasa da rabin 'ya'yan da na asali suka bari.

Har ila yau akwai misalin Rafin Johnson na Jihar Idaho, inda al'ummar Nez Perce, ɗaya daga cikin 'yan asalin Amurka, suka fara shirin ceto salmon a 1998. Sun sa wa kansu ƙa'ida: haifaffun rafin kaɗai za a ɗauka a matsayin iyaye, sababbi a kowace shekara. Rahoton 2012 ya nuna cewa kifin da aka kai gidan ƙyanƙyasa ya samar da manyan 'ya'ya ninki 4.7 na wanda aka bari a rafi, kuma ba a ga raguwar a-zo-a-gani ba a haihuwar haifaffun rafin da suka haɗu da 'yan ƙyanƙyasa. Abin lura shi ne a hawan jikoki ribar ta sauko zuwa ninki 1.3. Tanki ya hana irin ƙarewa, amma bai gyara abin da ya lalace a kogi ba.

Lissafin kuɗin ma haka ya nuna. A 2023 masanin tattalin arziki William Jaeger da masanin kifi Mark Scheuerell sun duba fiye da dala miliyan dubu 9 da aka kashe cikin shekara 40 wajen farfaɗo da kifin yankin Kolombiya. Ba su sami shaidar cewa yawan haifaffun kogi ya ƙaru ba. Ƙarin da aka gani na 'yan ƙyanƙyasa ne, waɗanda sai an sake kashe kuɗi a kansu kowace shekara.

Darasi ga Nijeriya

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Salmon da tarwaɗa ba rayuwa ɗaya suke yi ba, amma dalilin raguwar, wato sabawa da tanki da ƙarancin iyaye, ya shafi duk kifin da ake ƙyanƙyashewa.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka. Ƙididdigar gwamnatin tarayya a farkon shekarun 2020 ta nuna ƙasar tana bukatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba, kuma mafi yawansa daga ƙananan masunta yake fitowa. Saboda haka lafiyar kifin koguna da tafkuna ita ce ƙashin bayan kasuwar.

A daji, tarwaɗa takan jira ruwan sama mai ƙarfi na damina, ta bi ambaliya cikin dare zuwa ciyayin fadama, ta zuba ƙwai su manne a jikin ciyawa. A gidan ƙyanƙyasa allura ake yi wa mace, kamar Ovaprim, bayan wasu sa'o'i a matse ƙwan, namiji kuwa yanka shi ake yi a ciro maniyyinsa. Irin da ya yi zuriya bayan zuriya a haka, kamar wanda aka shigo da shi daga Holan ko ruwa-biyun tarwaɗa da ramboshi, an zaɓe shi ne domin saurin girma a kan abincin buhu. Babu abin da ya taɓa tace shi a kan sanin lokacin ambaliya ko guje wa giwan ruwa.

Akwai kuma haɗarin da masanan Suwidin biyu, Nils Ryman da Linda Laikre, suka bayyana tun 1991. Macen tarwaɗa mai nauyin kilo ɗaya takan ba da ƙwai fiye da 50,000. A misali, ɗan kwangila zai iya cika odar 'ya'yan kifi 100,000 daga mata 5 da maza 2. Idan aka zuba su a tafkin da ke da ɗaruruwan iyalai, kifi zai yi yawa a ido, amma akasarinsa 'yan ɗaki ɗaya ne. Haihuwa tsakanin 'yan'uwa na kusa kuwa ita ke kawo tsumburewa da nakasa da saurin kamuwa da cuta, abubuwan da masu kiwo suka daɗe suna kuka da su a kan irin da suke saya.

A nan ne muradin mai gidan ƙyanƙyasa da na masunci suke haɗuwa. Idan iri ya gaji a tanki, kogi ake komawa a nemo sabon jini. Idan kuwa kifin gona ya riga ya gauraya da na kogi, babu sauran inda za a je. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun kwashe kifayen gonaki masu yawa zuwa koguna a jihohi da dama. A Tailan, inda aka shigar da tarwaɗar Afirka a shekarun 1980, binciken 2004 ya gano jininta a jikin tarwaɗar ƙasar da ke rayuwa a daji.

Fadamar Haɗeja da Nguru tana tuna mana da labarin Kolombiya. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa ya ragu, wuraren yin ƙwan kifi suka ragu tare da shi. 'Ya'yan kifin tanki ba za su maye gurbin ruwan da bai zo ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, duk mai ba da kwangilar zuba kifi ya fayyace manufarsa. Idan kifin kamawa ake so a rufaffen dam ko kandami, to a shirya sayen iri kowace shekara, a sa shi cikin lissafin kuɗin gudanarwa. Idan kuwa farfaɗo da kifin kogi ake nufi, a ɗauko iyaye daga ruwan da za a zuba, masu yawa, sababbi a kowane zagaye, kamar yadda aka yi a Rafin Johnson.

Na biyu, a riƙa yi wa kifin da za a saki alama, a kuma ƙidaya abin da ya dawo cikin koma. Yawan 'ya'yan da aka zuba a ranar biki ba shi ne ma'aunin nasara ba. Cibiyar binciken kifin koguna da tafkuna ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, tare da jami'o'i, su ne ya dace a ɗora wa wannan aiki.

Na uku, masu gonaki su ɗaga gaɓar kandamansu, su sa raga a magudanai, su guji gina gona a hanyar ambaliya. Masu gidajen ƙyanƙyasa kuma su riƙa ajiye tarihin iyayen kifinsu a rubuce. Wanda zai iya nuna wa mai saye asalin irinsa yana da hujjar neman farashi mai kyau, bankin da zai ba da rance ma ya sami abin dubawa.

Na huɗu, kuma mafi araha, a kare wuraren yin ƙwai: a hana su da ƙananan raga da guba, a riƙa sakin ruwan madatsu a kan kari lokacin damina. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, akan hana su a Matan Fada har sai lokacin biki, a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, kuma hutun da ake ba ruwan yana cikin abin da ke sa kifin ya girma.

A lissafin ɗan kasuwa, kifin ƙyanƙyasa haja ce da ake saye a sayar, haifaffen kogi kuwa uwar kuɗi ce da ke haihuwa da kanta kowace damina ba tare da an biya ko kwabo ba. Amurka ta kashe dubban miliyoyin daloli kafin ta tabbatar da wannan bambanci. Nijeriya har yanzu tana da tarwaɗa da karfasa da ramboshi na asali a kogunan Neja da Binuwai da Tafkin Chadi, kuma kare su tun yanzu ya fi sauƙi a kan neman maido da su bayan sun gurɓata.